Kabarin da Hasana Ta Aika a Nema

"Yaya, hannu kawai za ka sa..."

Turai tana durƙushe a ƙofar zauren Balarabe, wan marigayi mijinta, a Unguwar Kanawa. Bai ko ɗago ba, yankan farcensa yake yi.

Shekara huɗu ke nan da mutuwar ƙanensa, sau biyu yana aiko mata da maganar aure tana ƙi. Yanzu ga ta ta auri Malam Datti, akawun sakateriya da ya ajiye aiki, wanda ya so ta tun tana budurwa. Burin Datti ya ƙare rayuwarsa a Madina. An yi musu allurar rigakafin shawara, an ɗauki hoto, fasfo ya fito. Saura 'yarta Hasana mai shekara bakwai, wadda aka ce ba za a sa sunanta a fasfon ba sai da hannun waliyyinta.

"Kin zaɓi tsohon akawu," in ji Balarabe. "Ki bi shi. Jinin ƙanena ba ya ƙetare ruwa."

A ranar ya aika aka ɗauko yarinyar daga makarantar allo, aka wuce da ita gidansa.

Datti ya je da kansa, ya tura liman, ya tura abokan aikinsa. Balarabe ya ce ko alkali ne ya zo, 'ya ta dangin uba ce. Sai Datti ya ce a fasa tafiyar, alhali ya riga ya mayar da gidan gwamnati, ya sayar da kekensa, ga tari yana cinsa. Turai ta dube shi, duk ya rame.

"Ka jira ni shekara ashirin, rabin raina. Ba zan sa ka sake jira ba."

Ta yi wa kanta alkawarin shekara biyu kawai, su sami takardar zama, ta dawo ta sake roƙo. Da ta je sallama, an ce Hasana tana barci.

A Madina suka kama ɗaki wajen 'yan'uwa Hausawa. Datti ya yi ta sintiri har takardar zama ta fito, daga nan ciwo ya kwantar da shi. Duk alhajin da zai koma Kaduna sai Turai ta ba shi saƙo: dabino, ɗankunne, 'yar riga. Amsa ba ta taɓa zuwa ba.

A aikin hajji na uku, Rahmatu, maƙwabciyar Balarabe, ta yi sallama a tsakar gidan da suke zaune a Madina. Tana ganin Turai ta saki butar da ke hannunta.

Da kyar Rahmatu ta iya magana. Ta ce tun shekarar farko Balarabe ya tara mutane ya ce Turai ta rasu a hanya, har aka yi sadakar bakwai. Saƙonnin kuwa a zaure yake karɓa, ya ce wa masu kawowa kada su tayar wa marainiya da hankali.

"Hasana ce ta aiko ni," in ji Rahmatu. "Ta ce in nemi kabarinki, in gaya miki ta sauke izu goma."

Turai ta zauna a ƙasa. Kukan ma ya ƙi zuwa.

Datti ya ji komai daga ɗaki. Ya kira ta, ya ce ta bi ayarin su Rahmatu. Ta ce wa zai ba shi ruwa, wa zai juya shi? Ya ce maƙwabta suna nan, yarinyar kuwa ba ta da kowa.

"Ni na raba ku, Turai. Kada ki bari in je gaban Allah da wannan."

Ta kwantar da kanta a ƙirjinsa. Dukansu sun san sallama ce.

Labarin rasuwarsa ya riske ta a Jidda, kafin jirgi ya tashi.

Da hantsi ta isa Unguwar Kanawa. Wata yarinya doguwa tana wanke-wanke a ƙofar gida, ƙafarta duk faso.

"Hasana..."

Yarinyar ta ɗago. Ta kurma ihu, ta watsar da kwanukan, ta ruga ciki tana salati, ta danna sakata.

Turai ta dafa ƙofar. Daga ciki take jin muryar 'yarta tana rawa, tana karanta Ayatul Kursiyyu don fatalwar ta tafi.