Wankakkiyar Doya a Motar Barista

Da safe aka buɗe but ɗin motar Barista Iveren a harabar ofis, aka tarar da doya maƙil. Kafin azahar ƙara ta isa kwamitin sa ido: wai ta karɓi toshiya daga tsohon daraktan da take tuhuma da karkatar da taki.

Iveren mai gabatar da ƙara ce mai zaman kanta. Doka ta hana kowa a Lafia ya cire ta, sai kwamitin nan, shi ma sai da hujja. In ya gamsu, ta tafi, shari'ar ta mutu.

Sufeto Babandi, wanda kwamitin ya ɗora wa binciken, ya daɗe yana kallon doyar. Tas take, an jera ta kan leda.

Ya fara da Luqman maigadi.

"Oga, ni get nake buɗewa, ba but ba," in ji Luqman. "Makulli na mota biyu ne. Direba ɗaya, Oga Kamal na taransifot ɗaya."

Tersugh direba ya ɗaga doya guda, ya yamutsa fuska.

"Ni na sa? Oga, ka zage ni. An wanke wannan."

"To menene?"

"Waye yana wanke doya kafin ya ajiye? Zai ruɓe. Babana a Shabu zai mare ka."

Babandi ya bar shi ya gama faɗansa.

Ya sami Kamal, mai kula da motocin ofis, yana duba kujerun wata mota da yatsa.

"Ranka ya daɗe, direbobin nan ƙazamai ne. Ni nake sa hannu a kan kowane kafet."

"A ina ka tashi?"

"Kaduna, cikin bariki."

"Ka taɓa noma?"

Kamal ya yi dariya. "Allah ya kiyaye."

"Shi ya sa," in ji Babandi. "Daraktan manomi ne, direba ɗan manomi. Da ɗayansu ne, da ƙasarta za ta zo. Mai tausayin kafet ne ya wanke ta, ya shimfiɗa leda. Bayan ofishinka har yanzu akwai jar laka a bakin famfo."

Kamal ya zauna a hankali. "Ƙarin girma daraktan ya yi mini alkawari."

Kwamiti ya saurari Babandi, ya yi watsi da ƙarar. Iveren ta ɗauki rigar lauyanta.

"Tersugh, kotu. Darakta yana jiranmu."