Kurwar Nayra Ba Ta Hau Jirgi Ba

Da magariba na sauka daga bas a bayan filin jirgin El Alto, ina riƙe da rigar sanyin Nayra da 'yar ƙararrawa. Nayra 'yar ƙanwata Eusebia ce, shekararta biyar. Ranar da za su tashi zuwa Madrid ƙarar jirgi ta firgita ta, ta faɗi a bakin ƙofa. Eusebia, sarkin gaggawa, ta sure ta kawai, ba ta tsaya kiran kurwarta ba. Tun da suka sauka yarinyar ba ci ba magana, sai ramewa. Likitoci sun rasa gane kanta.

"Awa goma sha huɗu jirgi ya kai gangar jiki," in ji maƙwabciyata, tsohuwa Fermina, kafin in fito daga gida. "Ita kuwa kurwa da ƙafa take tafiya. Kilomita dubu tara, ga teku a tsakani, yaushe za ta isa? Je ki kira ta cikin rigarta, ki aika musu. Amma in kin juyo kada ki amsa wa kowa. Kin ji ni, uwar surutu?"

Na tsaya a jikin shingen waya. Warin man jirgi, ga iska mai yankan kunne. Na buɗe rigar, na kaɗa ƙararrawa.

"Nayra, taho. Taho, 'yata."

Rigar ta yi ɗumi. Daɗi ya kama ni, na rungume ta na juya.

Sai shingen ya fara girgiza a bayana, tun daga can nesa har inda na tsaya. Ashe ba Nayra kaɗai matafiya suka bari a nan ba.

Takun ƙafafu, birjik. Warin tsofaffin barguna.

"Baiwar Allah," muryar wani dattijo, dab da wuyana. "Awa nawa ne zuwa Madrid?"

Na cije leɓe, na ƙara sauri.

"Jikina yana can, ya bar ni. Na gaji. Da nisa?"

Tausayi ya ci ƙarfina.

"Da nisa, Baba."

Rigar ta yi sanyi ƙalau. Sannan ta yi nauyi.

Hannaye suka cafki mayafina. Na bar musu shi, ban tsaya ba sai a bakin titi.

Duk da haka na ba wata matafiya rigar ta kai. To ya zan yi?

Eusebia ta bugo waya tana dariya tana kuka. "Yaya, ta tashi! Ta cinye kwano biyu! Sai dai muryarta ta yi kauri, kuma ganyen koka take nema, irin wanda tsofaffinmu ke taunawa. Wai ina matarta Petrona?"

Ban iya gaya mata ba. Har yau nakan koma shingen da magariba in kaɗa ƙararrawa, kuma Nayra tana zuwa, ina jin ɗuminta a gefen ƙafata. Tambayarta ɗaya ce kullum.

"Inna, in na je, ina zan shiga?"