Jan Zane A Kan Soro

Kofin gahawa ya suɓuce daga hannun Bibi Mishi, ya tarwatse a ƙasa.



Ni kuwa ina durƙushe a gabanta da farantin alewa, haƙorana duk a waje, ban san na yi ɓarin da ba ya kwasuwa ba.

"Me kika ce, 'yar nan?"

"Cewa na yi... gobe in Allah ya kai mu ki raka ni Ngome, Bibi. An ce min ba inda kike so a duk Mombasa kamar..."

"Saumu!"

Mbwana ne ya kira sunana daga bakin ƙofa. Tun da muka haɗu a Nairobi ban taɓa jin ya ɗaga min murya ba, kullum sai "hasken idona". Na waiga na ga fuskarsa kamar an aiko masa da saƙon mutuwa.

A bayansa Swabra, 'yar kawunsa, ta rufe baki da gefen mayafi. Wai tausayi. Kafaɗunta kuwa rawa suke yi.

Bibi ta jawo sandarta ta miƙe.

"Ka ga abin da nake faɗa maka, Mbwana? Baƙon tudu ƙafa gare shi, ba shi da ido. Duk inda ya ga dama takawa yake."

Ta shige ɗaki ta saki labule.

Ni 'yar Mumias ce, can yamma inda ba mu san wani teku ba sai na rake. Mbwana maraya ne, kakarsa Bibi Mishi ce uwa, ita ce uba, kuma ya rantse ba zai yi auren da ba ta sa wa albarka ba. Don wannan albarkar na taho, na sauka a gidan yayata, kullum ina zarya zuwa Tsohon Gari, unguwar Bibi, ina gaisuwa. Tsohuwa kuwa ta ƙi sakin fuska. Ta ce shinkafar biriyanin da nake dafawa kamar abincin asibiti, ta ce gaisuwata gajera ce.

Swabra ce kaɗai ta karɓe ni hannu bibbiyu, ni kuma sakarya na saki jiki. Ina zan san tun tana goye ake mata waƙar Mbwana mijinta ne?

Ita ta ja ni Ngome ranar da ta wuce, tsohuwar ganuwar sojojin Fotugal da ke tsaye a bakin ruwa. Na shiga kamar kowane ɗan yawon buɗe ido, na hau na sauka, na rungumi igwa na yi hoto, na leƙa kowace kafa. Da za mu fito ta dafa ni.

"'Yar uwa, in kina son zuciyar Bibi, gayyato ta nan. A gaban mutane za ki faɗa, ta fi jin daɗi."

Rashin sani ya fi dare duhu!

A zaure Mbwana ya same ni ina kuka.

"Hasken idona, daina. Laifina ne da ban faɗa miki ba."

"Me na yi? Don Allah me na yi?"

Ya zauna a kan dakali ya dafe kai.

"Zamanin Turawan Ingila Ngome kurkuku ce. Mahaifin Bibi ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, aka kama shi lokacin wani yajin aiki. Tana ƙarama. Ya aiko a ce mata da safe ana fito da su shara a saman katanga, ta riƙa hawa soro tana kaɗa jan zanen mamanta, zai gan ta. Kullum sai ta hau. Har ranar da aka kawo gawarsa, zazzaɓi ya kashe shi a ciki."

"Innalillahi..."

"Wani maƙwabci mai baƙin baki ya ce mata wahalar banza ta sha, ba a hango komai daga can, lallashin yaro ne kawai. Tun daga nan ba ta ƙara taka ƙofar Ngome ba. Ko sunan ba a faɗa a gidan nan. In za ta kasuwa zagaye take yi."

Hawayena ya tsaya cak.

"Wa ya ce ba a hangowa?"

"Saumu, a bar kaza cikin gashinta."

"Mbwana, ni na gan ta! Jiya da idona!"

Ban jira shi ba. Na kwashi takalmina a hannu na koma ciki, na durƙusa a bakin labule. Swabra ta tare ni tana wani marairaicewa.

"Haba baiwar Allah, bai ishe ki ba? So kike ki ƙarasa mana tsohuwa?"

"Matsa, uwar kirki. Na gode da rakiyar jiya."

Na ɗaga murya.

"Bibi, ki yafe min, ban sani ba wallahi. Amma kafin ki kore ni, jiya da hantsi kin hau soro kin yi shanya. Zane uku. Iska ta ɗauke guda, kika bi shi da sanda kina faɗa."



Can labule ya motsa.

"Wane munafukin ya faɗa miki?"

"Ba kowa. Daga saman Ngome na hango ki, ta wata kafa da ke kusa da igwar kusurwa. Har hoto na ɗauka a waya, don dariya kika ba ni."

Na miƙa mata wayar. Ta ture hannuna.

"Waɗannan abubuwan naku ƙarya suke, suna jawo na nesa kusa. Babana ba shi da waya. Ido gare shi."

"To ki zo ki gani da ido."

Wallahi ban san inda na samo wannan ƙarfin halin ba. 

Ta kafe ni da ido.

"In na je ban ga komai ba, za ki koma gonar rakenku, ba za ki ƙara kiran sunan jikana ba. Kin yarda?"

"Bibi!" in ji Mbwana.

"Na yarda," na ce.

Ta juya ta dubi Swabra.

"Ke mai ƙafar yawo, tunda ke kika kai ta, gobe ki hau soro da jan zanena. Kada ki sauko sai na dawo."

Ashe tsohuwa ta san komai. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya.

Washegari da hantsi muka fita, ni a dama, Mbwana a hagu, Bibi a tsakiya cikin baƙar abaya tana ƙamshin turaren wuta. Masu sayar da gahawa a gindin katanga suka saki baki. Wani tsoho har ya miƙe.

"Mishi? Ke ce kuwa? Yau rana ta yamma ta fito?"

"Sha gahawarka, Shee, haƙoranka ma sun gudu sun bar ka da surutu."

A bakin ƙofar ta tsaya.  Nan ne take kawo wa mahaifinta abinci ana karɓa ta taga, in ji ta, ba ta taɓa wuce nan ba.

Wani mai yi wa baƙi jagora ya taso da fara'a.

"Sannu da zuwa, Mama! Karon farko ke nan? Daga wane gari?"

"Daga bayan katangar nan, ɗana. Hanyar ce ta yi min nisa."

Muka shiga. 'Yan makaranta na ta guje-guje a fili, wasu Turawa sun yi jajir da rana suna hoto. Bibi ta bi su da kallo tana mamaki, wai ashe har bishiya akwai a ciki, har dariya ana yi. Matakalar ta ba mu wuya. Kowane hawa sai ta huta ta zagi 'yan Fotugal da ba su san za a tsufa ba. Ni kuwa ina ta tunanin in idon tsohuwa ya gaza fa?

Mbwana ya raɗa min ta bayan kanta, "Ko me ya faru, ke ce."

"Yi min shiru, masoyi, addu'a nake."

Muka iso kusurwar. Iskar teku ta buso, ƙasa can jiragen masunta na shigowa. Na nuna mata kafar.

Ta ba Mbwana sandar. Ta dafa dutsen da hannu biyu, ta sa fuska.

Ga rufin gidaje birjik, ga hasumiyar masallaci. Ga kuma wani ɗan soro a tsakiya, da jan zane yana kaɗawa sama da ƙasa, a hannun wadda ko daga nan ka san ranta a ɓace yake.



Sai kafaɗun Bibi suka fara rawa. Na zaci kuka ne kaɗai, ashe har da dariya.

"Ya gan ni..." ta ce. "Mbwana, ya gan ni! Kullum yana ganina! Baba bai yi min ƙarya ba!"

Muka rungume ta mu biyu, mu ma muna yi. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan hantsin ba, kuma ba na jin zan ƙara.

Da ta nutsu ta share ido da gefen mayafina, ba nata ba. Ta ƙare min kallo sama da ƙasa.

"Har yanzu biriyaninki ba ya ciyuwa."

"Na sani, Bibi."

"Zan koya miki. Ba zan bari a ce matar jikana ba ta iya girki ba."

Mbwana ya yi wani tsalle har hularsa ta faɗi.

"Bibi, mu je gida a faɗa wa mutane!"

"Gaggawar me kake? Yau ni baƙuwa ce, ban gama kallo ba. Ku kai ni wurin igwar nan a yi min hoto."

"Swabra fa? Rana ta yi zafi."

"Bar ta ta kaɗa. Ni na fi ta daɗewa a kan soron nan."

Ranar aurenmu da wannan jan zanen aka lulluɓe ni. Yanzu ni ke shanya a soron, kuma duk safiya kafin in sauko sai na kaɗa shi sau ɗaya wajen Ngome, don Bibi ta ce ba ka sanin wanda ke kallo.