Ƙusa Uku a Jikin Tsamiya

Ku matso nan. Mati, kashe tocilan ɗin nan, kana haske min ido. Ke Kande, in kin san za ki hana mutane barci da kuka, tashi tun yanzu, kar gobe a ce Yaya Ladidi ce ta jawo.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A gidanmu na ƙauye aka yi shi, kuma daga bakin mahaifiyata na ji, lokacin tana amarya a gidan. Labarin Gwaggo Tabawa ne, babbar yayar iyayenmu maza. Ba ku riske ta ba, kun yi asara.

Kakanmu mai gyaran rediyo ne. 'Ya'yansa maza duk suka guje wa sana'ar, ita ta zauna ta koya. Gari ya ɗauki surutu, wai mace da dalma da sukudireba. Ta ce wanda abin ya dama ya ɗauki rediyonsa ya kai birni. Babu wanda ya kai.

Da tsohon ya rasu, ya bar mata wani rediyo, ba irin na ratayawa a kafaɗa ba. Akwatin kamo tasha daban, mai farar fuska da allura tana tafiya a bayan gilashi. Akwatin ƙara murya daban. Ga lasifika biyu na katako, kowanne ya kai Mati tsawo. Da batirin mota yake aiki.

To, kakarmu Inna ta makance da daɗewa. Autanta, Kawu Jatau, ya samu aiki a wata sabuwar tashar FM a birni, yana karanta gaishe-gaishe duk Juma'a bayan la'asar. Kowa ya je birni sai ya dawo yana cewa ya ji muryarsa. Inna ba ta taɓa ji ba. A daminar nan ruwa ya cinye gada, babu shiga babu fita, ita kuma ta kwanta ciwo, har ta daina karɓar kunu.

Ta kira Gwaggo. 'Yar fari ce, ba ta kama sunanta.

"Ke 'yar nan. Ba zan ga ƙarshen daminar nan ba."

"Haba Inna."

"Bar haba. Muryar Jatau nake so in ji. Shi ke nan."

Kun san dutsen da ke bayan gidan? Shi ne matsalar. FM ba ta hawa dutse, ba ta zagaye shi. Sai eriya ta hango inda maganar take fitowa. Gwaggo ta kafa gora, ta ɗaura eriya, shuuu kawai. Ta haɗa gora biyu, iska ta karya. Ta tsaya tsakar gida tana kallon sama, sai idonta ya sauka kan tsamiyar da ke ƙolin dutsen.

Kowa ya san tsamiyar nan da masu ita. Makiyayi ba ya hutawa a inuwarta. 'Ya'yanta su zubo su ruɓe, babu mai tsinta. Mahaifiyata ta ce, "Yaya, ki rufa mana asiri." Gwaggo ta ce, "In za ki riƙe min waya, taso. In ba za ki riƙe ba, ba ni wuri."

Ranar Laraba, da tsakar rana, mutane duk suna gona, ta ɗauki eriya da guduma da naɗin waya ta hau, ita kaɗai. Ta hau tsamiyar har reshe na sama. Ta juya eriyar ta fuskanci gabas, wajen birni. Ta buga ƙusa ɗaya. Ta buga ta biyu. Da ta buga ta uku, tsuntsayen dutsen gaba ɗaya suka yi tsit.

Ta sauko tana warware waya. Akwai wani wuri da hanyar ta matse tsakanin duwatsu biyu, mutum ɗaya kawai ke iya wucewa. Nan ta tarar da shi.

Wani dattijo ne, da farar riga. An kwana ana ruwa, ko'ina caɓi, amma ko ɗigon laka babu a bakin rigarsa.

"Sannu, baiwar Allah."

"Yauwa, Baba."

Ta amsa kafin ta lura. Bakinsa ya riga ya rufe, sannan maganar ta iso. Kuma a ƙarƙashin muryar akwai wani shuuu siriri, irin na tsakanin tasha da tasha. Kande, sakar min zane, za ki yaga.

"Ƙusoshin can naki ne?"

"Nawa ne."

"Ta farko ta shiga ƙofar ɗaki. Ta biyu ta fasa randa."

"Ta ukun fa?"

Sai ya nuna wajen eriyar.

"Ƙarfen nan naki yana zubo mana hayaniyar duniya har kan gado. Ki cire."

"Ku yi haƙuri, Baba. Ban san na yi ɓarna ba. Ku ara min zuwa Juma'a. Da hannuna zan cire."

"Yau."

"Uwata ce za ta mutu."

"Kowa da uwarsa."

"To ashe ka san abin da nake faɗa."

Shuuu ɗin bai tsaya ba.

"Da me kike aiki?"

"Da hannu."

"Ƙarya kike. Da kunne kike aiki. Ki cire kafin rana ta faɗi, ko mu karɓi kayan aikin."

Ita da bakinta ta faɗa. Tsoro ta ji, tsoro na gaske. Amma kun san irin mutanen da in tsoro ya kama su sai zuciya ta taso? Ta gyara ɗaurin zane.

"Na roƙe ka da girma, ka ƙi. To dutsen Allah ne, tsamiyar Allah ce, ni ma baiwarsa ce. Matsa in wuce."

Bai matsa ba. Ta yi bisimilla, ta runtse ido, ta nufe shi kai tsaye. Ba ta bangaji kowa ba. Sanyi kawai ta ji ya ratsa ta, kamar ta shiga ruwan randa. Ba ta waiwaya ba har gida.

Rana ta faɗi, ƙusa na nan inda take.

Da asubar Alhamis zakara ya yi cara, ta ji shi ta gefe ɗaya. Kunnen hagu ya tafi. Ba ciwo, ba jini, ya dai mutu. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta haɗa waya, ta kunna. Sai ga tashar, can ƙasa, kamar mai magana daga cikin rijiya. An san mutum ne, ba a san me yake cewa ba.

Eriya ta yi aikinta, saura akwatin. Ya tsufa, saitinsa ya goce. A cikinsa akwai wasu 'yan naɗe-naɗen waya, kowanne da ɗan abin murɗawa a tsakiya. Ba a taɓa su da ƙarfe, ƙarfe na rikita su. Da tsinken gora ake murɗawa, kaɗan-kaɗan, ana saurare. Ka wuce da ƙwayar gero, tasha ta gudu. Aikin kunne ne zalla. Ta wuni a kai da kunne ɗaya, ta gyara uku, saura ɗaya, batir ya yi sanyi. Sai da aka kai shi wurin mai injin niƙa ya kwana a caji.

Juma'a bayan azahar aka dawo da shi. Maza duk sun tafi masallaci. Gwaggo ta fito tsakar gida, ta ga mahaifiyata tana daka. Taɓarya na hawa, tana sauka, turmi na girgiza. Babu ƙara.

Ta tafa hannu kusa da fuskarta. Babu.

"Uwani!" ta ƙwala wa mahaifiyata kira, ita ba ta san ta ɗaga murya ba. "Sun karɓe na biyun."

Mahaifiyata ta yar da taɓarya ta fashe da kuka, tana nuna dutse, tana nuna a je a cire. Gwaggo ta girgiza kai. Sai mahaifiyata ta zari mayafi ta fita da gudu neman malam. Gida ya rage daga makauniya sai kurma, ga inuwa tana ta miƙewa.

Wallahi duk sanda na zo nan sai tsigar jikina ta tashi.

Gwaggo ta ja lasifika ɗaya har kan gadon Inna, daidai kanta. Ta ajiye akwatin a buɗe a kan tabarma, ta zauna inda take ganin fuskar tsohuwar sosai. Ta kunna. Ta sa tsinke.

Ta murɗa dama. Inna ta yamutsa fuska. Ta dawo hagu. Goshin ya ɗan saki. Ta ƙara. Inna ta karkato kai. Ta ƙara kaɗan, fuskar ta sake yamutsewa, ta wuce ke nan. Ta dawo baya, a hankali, ko numfashi ba ta yi. Gumi na ɗiga daga haɓarta kan tabarma.

Sai hannun Inna ya tashi sama, ya tsaya cak.

Gwaggo ta cire tsinke.

Daidai nan mahaifiyata ta shigo zaure da malam. Ta ce sun ɗauka Kawu Jatau ne ya zo da kansa, don muryar tas take, babu ko ƙura. Yana gaida manoma, yana gaida masu jego. Sannan ya ce, "A ƙarshe, kamar kowane mako, ina gaida mahaifiyata a bayan dutse, duk da na san ba ta jina."

Inna, wadda ta kwana huɗu ba ta iya ɗaga kai, ta yunƙura ta ce, "Ina jinka, Jatau! Ina jinka, ɗan albarka!"

Gwaggo ba ta ji shi ba, ba ta ji ta ba. Tafin hannunta ta ɗora a jikin katakon lasifika, muryar ƙanenta tana motsi a ciki, tana kallon uwarta tana dariya da hawaye.

Ranar Lahadi Inna ta cika.

Bayan sadakar uku, Gwaggo ta ɗauki guduma ta hau dutsen, don ta ce za ta cire da hannunta. Ta zare ƙusa uku, ta sauko da eriya a kafaɗa. A matsatsin nan ta same shi, da farar rigarsa. Yana ta magana. Baki na motsi, yatsa na nuna ta, jijiyar wuya ta tashi. Ta tsaya ta ba shi lokaci, har ya gaji.

Sannan ta kece da dariya, dariyar da aka jiyo har cikin gari.

"Baba, kana wahalar da bakinka! Kai ka toshe ƙofar da hannunka. Yanzu ta ina za ka tsorata ni?"

Ta wuce abinta.

Mati, na ga kana murmushi, kana jin kai ma za ka iya. Rufe min baki. In an kai ku ƙauye, kar wanda ya kuskura ya bi hanyar dutsen nan shi kaɗai, balle da tsakar rana. Gwaggo ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba, ko sau ɗaya, kuma ta ci gaba da gyara da tafin hannu har ta tsufa. Amma shekara ashirin da biyu ta yi bayan nan. Ta ga jikoki tara, ta goya su duka a bayanta, ba ta ji kukan ko ɗaya ba.