Ranar da Aka Sace Muryar Anti

Ƙarfe goma na safe rahoto ya iso caji ofis: an sace sabon albam ɗin mawaƙiyar R&B ɗin nan da kowa ke kira Anti. Waƙoƙi goma sha ɗaya, aikin shekara biyu, duk suna cikin wata 'yar na'urar ajiya da ba ta kai tafin hannu ba.

Sufeto bai tura kowa ba, da kansa ya tafi, shi da kofur. Tun yana kurtu yake jin waƙoƙinta, kuma da su marigayiya matarsa take sharar gida. Tun rasuwarta bai sake kunna ko ɗaya ba.

A situdiyo ya tarar da Anti zaune gaban makirufo, idanunta sun kumbura. Injiniyan sauti na tsaye yana ta share gumi.

"Akwai wani kwafi?" in ji Sufeto.

"Da ma yau nake shirin yi, yallaɓai."

"Jiya ka fita?"

"Ko nan da can. Sai da yamma na kulle ƙofa da hannuna. Da safe na duba, babu na'urar."

Sufeto ya duba ƙofar, ba a taɓa makullin ba. A kan teburin haɗa sauti ya ga abin ji na kunne. Ya sa, ya danna, sai ya fizge shi da sauri. An ƙure ƙarar, kuma an karkatar da ita duka zuwa kunnen dama.

"Haka kake aiki?"

"Ni? Ai sai dai mai neman fasa kansa."

A bakin ƙofa maigadi ya tona wa injiniya asiri ba tare da ya sani ba. Ya ce jiya da azahar injiniyan ya fita ɗauko 'ya'yansa daga makaranta, ya bar situdiyon a buɗe kusan awa guda.

"Wa ya shiga a lokacin?"

"Babu baƙon da ya shiga, ranka ya daɗe."

"Ban ce baƙo ba. Cewa na yi wa ya shiga."

Maigadi ya sosa ƙeya. "Sai dai Dogo. Ai shi ɗan gida ne."

Da Sufeto ya koma ciki ya ambaci sunan, Anti ta ɗago kai.

"Mai kaɗa min fiyano ne," ta ce. "Shekara ashirin da biyu. Numfashi kawai zan ja, ya san inda za ni. Wata takwas da suka wuce na ce masa ya saɓa kiɗa. Shi ke nan fa. Ya rufe fiyano ya fita. Na kira har na gaji, ba ya ɗauka. Dole na nemi wani." Ta share ido. "Amma Sufeto, Dogo ko allura ba zai ɗaukar min ba."

Sai da kofur ya buga ƙofar gidan Dogo kamar zai ɓalla ta kafin aka buɗe. Dattijo ne ramamme, yatsunsa zara-zara. A falon akwai fiyano rufe da zanen gado.

"Jiya ka je situdiyo?"

"Rabona da wurin wata takwas."

Sufeto ya lura ba idonsa mutumin yake kallo ba, bakinsa yake kallo. Sai ya zagaya ta hagunsa, ya juya masa baya, ya ce da ƙarfi, "Maigadi ya gan ka."

Dogo bai ko motsa ba.

Sufeto ya dawo gabansa. "Tun yaushe kunnen ya tafi?"

Dogo ya zauna a hankali.

"Na hagu shekara guda. Na dama, likita ya ce da wuya ya kai wata biyu. Albam kuma sai nan da wata huɗu zai fito." Ya ɗaga zanen gadon, ya ciro na'urar. "Na je ne in ji waƙa ɗaya in fita. Sai ta fara, na kasa tashi. Da na hango mota ta tsaya, na zare na sa a aljihu."

"Me ya hana ka roƙe ta? Ai za ta ba ka."

"In ce mata me? Mutumin da ta dogara da kunnensa ya zama kurma? Gara ta ɗauka fushi nake yi."

Sufeto ya miƙa hannu. Dogo ya riƙe na'urar gam.

"Yallaɓai, saura waƙa uku ban ji ba. Kowace sai na maimaita sau goma kafin ta shige ni."

Sufeto ya duba agogo, ya dubi kofur. "Je ka jira a mota."

Dogo ya jona na'urar, ya manna abin ji a kunnen dama, ya rufe ido. Ƙarar ta yi yawa har Sufeto na jiyo muryar daga inda yake tsaye. Ya juya wajen taga ya ƙura wa titi ido. Yatsun Dogo kuwa suna ta tafiya a kan gwiwarsa.

Da waƙa ta ƙarshe ta ƙare, ya miƙa na'urar, ya miƙo hannuwansa biyu. Sufeto bai ciro ankwa ba. Ya kama shi a gwiwar hannu suka fita.

A bakin mota Dogo ya tsaya.

"In ka gan ta, ka ce mata a waƙa ta tara ta yi ɗan shiru tana jira. Nan ne nake shigowa. Sabon makaɗin bai sani ba, ya bar ta ita kaɗai."

Sufeto ya buɗe masa ƙofa, ya tabbatar yana kallon bakinsa.

"Tana ofis tana jiranmu," ya ce. "Ka gaya mata da kanka."