Bokitin Dakta Zulaihatu

Da hantsin Litinin wata mata ta shigo ofishin 'yan sanda na Keffi, mayafinta a karkace. Ba ta tsaya a kantar karɓar ƙara ba, sai gaban teburin Sufeto Manasseh.

"Yallaɓai, sunana Dakta Zulaihatu. An sace mini bokiti."

Sufeto ya ɗaga kai. Shi dai ya saba da masu ƙarar babur da akuya, amma bokiti yau ya fara ji.

"Bokitin me, Dakta?"

"Fenti ne na ƙirƙiro da tokar ƙaiƙayin shinkafa. In an shafa wa bango, ruwa ba ya kama shi. Jibi zan shigar da takardunsa a Abuja, a yi masa rajista da sunana. In ya riga ni shiga kasuwa, za a ce ba sabon abu ba ne. Wahalar shekaru ta tafi ke nan."

Sufeto ya ɗauki hularsa.

Ɗakin gwajinta, inda aka ɗauke bokitin, yana unguwar Tudun Ƙofa, bayan wani shagon fenti. Sufeto ya juya kwaɗon ƙofar a hannunsa. Ko ƙwarzane babu.

"Da makulli aka buɗe. Wa ke da shi?"

"Ni da Godwin, ma'aikacina."

"Ɗakin fa, na wane ne?"

"Na kawuna ne, Alhaji Husaini, mai shagon nan. Shi ya ba ni aro."

Ta ɗauko wani bulo da aka shafa wa fentin, ta zuba masa ruwa. Ruwan ya dunƙule ya gangare kamar a kan ganyen gwaza.

"In ya taɓa fatar mutum fa?"

"Haka zai yi. Sabulu ba ya fitar da shi, sai wani ruwa da na haɗa. Shi ya sa ba ma taɓa shi sai da safar hannu."

Godwin yana tsaye a gefe, sai share zufa yake yi.

"Jiya Lahadi kana ina?" in ji Sufeto.

"Coci, Oga. A unguwar Yara."

"To madalla. Ni ma can nake zuwa. Wa ya yi wa'azi?"

Godwin ya sake share zufa.

"Oga... gaskiya Masaka na je neman wani aiki. Ban so Madam ta ji ba."

Dakta ta kalle shi, ya sunkuyar da kai. Sufeto ya tsiyaya masa ruwa a tafin hannu. Hannun ya jiƙe sarai. Amma wannan bai wanke shi ba, tunda ya san amfanin safar hannu.

"Kada ka yi nisa," in ji Sufeto.

A shago, Alhaji Husaini ya tarbe shi da fara'a, ya sa aka kawo kujera.

"Yallaɓai, ai Zulai 'yata ce. Wanda ya cuce ta ni ya cuta. Ku matsa yaron nan Godwin, idonsa bai yi mini ba."

"Kana da makullin ɗakin, Alhaji?"

"Ya daɗe da ɓata. Ni ko leƙawa ba na yi. Fentin nan ban taɓa ganinsa da idona ba."

Suna cikin magana wani magini ya shigo da gwangwani, yana ƙorafin an sirka masa fenti. Alhaji ya karɓi gwangwanin. Ya tsoma ɗan yatsan hagu ciki, ya murza da babban yatsa, ya sunsuna.

"Lafiyarsa ƙalau."

"Haka kuke gane mai kyau?" Sufeto ya tambaya.

"Tun ina saurayi. Mai fenti da yatsa yake gani."

Sufeto ya lura da ɗaya hannun, na dama, wanda Alhaji yake ta nannaɗewa cikin riga. Yatsu biyu sun yi ja, kuma warin kananzir na tashi daga gare su.

Bai nuna ya gani ba. Ya zauna kawai, yana hirar tsadar siminti da gidajen da ke tsirowa a hanyar Abuja, har aka kira azahar.

Alhaji ya ɗauki buta ya tsuguna bakin shago. Ya zuba ruwa a hannun dama. Ruwan ya jiƙa ko'ina, amma da ya zo kan yatsu biyun nan sai ya dunƙule ya gangare. Ya sake zubawa. Ya goge su da yashi, ya sake.

"Alhaji," in ji Sufeto a hankali, "ba ya kamawa, ko?"

Butar ta tsaya cak. Dakta da Godwin sun riga sun fito, suna kallo.

"Kawu?"

Alhaji ya ajiye butar.

"Wani ɗan kwangila ne a Mararaba," ya ce. "Na yi masa kurin 'yata, ya ce in kawo fentin a shafa wa gidajensa, ya sa ni cikin harkar. Na ce bokiti ɗaya ba zai rage ki da komai ba. Da na buɗe, hannuna ne ya riga ni. Tun jiya nake alwala, zuciyata ba ta kwanta da ko ɗaya ba."

"Ina bokitin?"

"Yana cikin but ɗin motata. Da la'asar zan kai."

Godwin ya buɗe but ɗin. Ga bokitin nan, bai bar Keffi ba.

Sufeto ya taɓa kafaɗar Alhaji. "Sai mu je ofis."

"Yallaɓai, ɗan dakata," in ji Dakta.

Ta shiga ɗakin gwaji ta fito da wata 'yar kwalba da auduga. Ta durƙusa gaban kawunta, ta goge masa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ba ta kalli fuskarsa ba. Sannan ta miƙa masa butar.

Wannan karon ruwan ya kama.

Sufeto ya jira a bakin motar 'yan sanda har Alhaji ya sallame salla, sannan ya buɗe masa ƙofar baya.