Waƙar Maƙeran Andalus

"Ba ni ba ɗiyata makaɗi, Atika! Ki shaida mata!"

Sa'adiyya na tsakar gida tana tsintar shinkafa ta ji muryar mahaifinta, Malam Sambo maƙeri, daga ɗakin innarta. Faifan ya suɓuce mata. Ta san da wa ake: Haliru ne, wanda ya yi shekaru yana aikin gonar zaitun a kudancin Sifen, ya dawo Bagudo da jita a kafaɗa da wata baƙuwar waƙa mai suna flamenko.

"Inna, wallahi ba maroƙi ba ne! Shago gare shi a Tsamiya, bakin boda!"

"Yi haƙuri, ɗiyata. Kin san Malam."

Ƙawarta Hamdiyya ta ce su tsallaka Benin kawai a ɗaura, ai ba wani firoblem. Sa'adiyya ta share hawaye ta ce auren da babu albarkar Baba ba ta son shi. Shi kuwa Haliru sai ya ajiye jita, kullum da safe ya je maƙera ya gaida Malam, ya zauna yana zuga masa wuta. Malam ko kallonsa bai yi. Haka damina ta wuce, aka yi girbi.

Wata rana da hantsi ta kai wa mahaifinta fura, ta tarar yana dukan bakin garma. Haliru na zuga, ya shagala, sai ya ɗaga murya—wani dogon kuka mai karkarwa, yana faɗawa daidai tsakanin dukan masaba, gudumar maƙera. Ta tsaya da furar a hannu tana saurare. 'Yan kabu-kabun da ke wucewa suka kashe babura. Malam ya tsaya har ƙarfen ya huce.

"Wagga wace irin waƙa ta, yaro?"

"Ta maƙera ce, Baba. Wasu matafiya ne kakanninsu suka baro Indiya, suna tafe ana korarsu, har suka zauna Andalus, can kudancin Sifen, inda Musulmi suka daɗe da mulki. Can muryarsu ta gauraya da ta mutanen ƙasar. Da yawansu maƙera ne. Wannan babu jita, masaba ce gangarta. Yanzu har Japan ana tafa mata ana taka rawarta."

"Mi take cewa?"

"Mutum ne ke cewa wutar da ke gabansa ba ta kai ta ƙirjinsa zafi ba."

Malam ya ajiye masaba. Sa'adiyya ba ta taɓa ganin idonsa ya kawo ruwa ba sai ranar.

"Ikon Allah! Ashe har can akwai masu ƙonewa bakin wuta irinmu." Ya mai da ƙarfen wuta. "Sake ta, ni kama maka." Kafin ya ɗaga masaba ya ƙara da cewa, "Kuma ka turo magabatanka."

Bayan Sallah aka ɗaura. Da sun tsallaka boda, da sun sami aure sun rasa uba. Haƙuri da ladabi suka ba su duka biyun.